Igiyar da Na Sassauta wa Ƙuru

Lokacin da nake zaune a unguwar Plumstead, can ƙasar Turawa, ranar Asabar nakan taya wani dattijo ɗan Kumasi aiki. Yana da ƙaramin doki, ƙuru, wanda tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. Da rani yakan ɗaura masa keken doki, ya zaga da yara a filin Woolwich. Tun da matarsa ta rasu, wannan dokin ne ke fitar da shi daga flat, wato ɗakinsa na saman bene.

Sai hannunsa ya fara rawa. Dokin kuma ya gane. Da ya ga ciyawa sai ya sunkuyar da kai, ya fizge linzami. 'Yar dattijon ta ce idan aka sake, sayar da shi za a yi.

"Ɗan Kano," ya ce da ni, "ku ne masu dawaki. Samo mini linzami mai ƙarfi, da igiyar nan mai hana shi sunkuyawa."

"Baba, wannan ɗan abin? Rago ya fi shi."

"Ragon ya kusa cire mini kafaɗa!"

A shagon kayan dawaki, da yake ban iya karatu ba tukuna, sai na riƙa matsa kowane ƙarfen linzami a tafin hannuna. Na tuna dokin mahaifina, da jinin da ke fita a gefen bakinsa. Na ɗauki mafi laushi. Igiyar kuwa, ana ɗaura ta daga kan doki zuwa bayansa. Da na koma na ɗaure wa ƙurun, ya dubi ciyawa, ya kasa kai baki. A gidanmu ba a hana dabba abincin da take gani, ana cewa za ta nemi hakkinta. Na sassauta, ban gaya wa kowa ba.

Ran nan 'yar dattijon ta zo kallo. Suna cikin tafiya, dokin ya tsaya cak, ya kai kai ƙasa. Dattijo ya riƙe linzami da iya ƙarfinsa, dokin ya jawo shi daga kujera, ya faɗi a kan gwiwoyinsa. Yaran da ke keken suna dariya.

"Baba, enough, ya isa haka," in ji 'yarsa.

Na ɗaga shi. Ya shafa igiyar, ya ji ta sako-sako, ya dube ni. Sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Yaron nan ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Hannuna ne ya gaji."

Ni na riƙe dokin ranar da mai saye ya zo. Dattijo bai sauko daga bene ba.