Ranar da Baba Iliya Ya Sauka Rijiya da Kayan Sujada

Har yanzu ban iya mantawa da wata ranar Lahadi a wani ƙauye cikin karkarar Korgom, lokacin ina shef na shantiye, wato shugaban ma'aikatan wurin aiki, a aikin gyaran rijiyoyi. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya kuna cewa na cika faɗa, wai ko guga mutum ya taɓa sai na yi magana. To ku zauna ku ji inda faɗan ya samo asali.

Mu shida ne a ƙungiyar: ni shef, sai babban magini, sai 'yan ƙwadago huɗu. Aikinmu yasar tsofaffin rijiyoyi da ƙara musu zurfi. A kwashe ruwan, a sauka a haƙe yashi, a zura zoben siminti. A bakin rijiya muna kafa ƙarfen naɗe igiya wanda mutum biyu ke juyawa, a ƙarshen igiyar kuma akwai rabin tano, wato ganga da aka yanke biyu. Da ita ake fito da yashi, a cikinta mutum ke sauka. Mutum ɗaya take ɗauka, ba ƙari.

Babban magininmu shi ne Baba Iliya, dattijo daga wani ƙauye kusa da Maradi, Kirista tun daga kakansa. Shi kaɗai ne Kirista a cikinmu, kuma a ƙauyukan da muke aiki sau da yawa shi kaɗai ne a garin gaba ɗaya. Kowace safiya sai ya durƙusa bayan tanti ya yi addu'arsa, sannan ya kunna fitila ya zura ta rijiya da siririn zare. In ta mutu, iskar ƙasa ba ta da kyau, ba mai sauka. In ta ci gaba da ci, shi ne zai fara shiga, bai taɓa yarda wani ya riga shi ba. Da azumi kuwa shi ke karɓar aikin tsakar rana a ƙasa don mu samu inuwa. Na taɓa tsokanarsa na ce ladan namu yake son rabawa da mu. Ya yi dariya ya ce, "Shef, ni an riga an biya ni."

Gaskiya ina ganin girmansa, amma yana ƙona mini rai. Ba ya aiki ranar Lahadi ko sama za ta faɗo. Ya sa fararen kayansa, ɗan kabu-kabu ya kai shi Tasawa sujada a kan babur, sai yamma. Ranar Juma'a da muke hutu shi ke gadin kaya da wasa diga, don haka ba ni da bakin ƙorafi. Sai dai ni mutum ne mai gaggawa, shi kuma komai sai ya auna sau biyu.

Rijiyar garin nan gaba ashirin da wani abu ce. Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma mun rufe wa mutane rijiyarsu kwana tara. Mata suna tafiya wani gari da amalanke neman ruwa. Makiyaya sun jibge shanu a gefe suna kallonmu. Kullum maigari sai ya zo ya tsaya a kaina, bai cewa komai sai "Sannunku da aiki", ni kuwa na san abin da sannun take nufi. Famfonmu mai aiki da lantarki ya lalace, an kai shi gyara Tasawa, sai Litinin. Ko barci ban iya yi sosai.

Ranar Asabar na samo aron motopom, injin jan ruwa mai shan isansi, wato fetur, wajen wani mai lambu. Irinsa ba ya jawo ruwa daga nesa, dole a kusantar da shi. Na ce mu kafa katako a ƙasa kusa da ruwa mu ɗaure shi a can. Baba Iliya ya girgiza kai.

"Shef, kar ka sa injin isansi cikin rami. Hayaƙinai ba ya da wurin hita. Mu jira Litinin."

"Baba, kwana biyu hwa! Ka ga idon maigari kuwa?"

"Na gani. Idonai ba ya kashe kowa."

Na gyaɗa kai kamar na yarda. A raina kuwa na ce gobe ai ba ya nan.

Da safe ya zura fitilarsa kamar kullum, ta ci lafiya, ya tafi bakin gari jiran ɗan kabu-kabu. Yana ba da baya na sa aka saukar da katako da injin, muka ɗaure su da igiyarmu ta biyu, wadda muke ajiyewa don ko-ta-kwana. Aka tayar, ruwa ya fara bulbulowa ta tiyo, yara suna ihu, ni ina jin kaina wani gwani. Bayan kamar awa ɗaya injin ya yi tari ya mutu. Yau na san iska ce ta ƙare masa. A ranar cewa na yi filogin injin ne ya lalace.

Lawali, ɗaya daga cikin 'yan ƙwadagon, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya ce bari ya duba. Ban sake zura fitila ba, tana nan kusa da ƙafata. Muka saukar da shi. Muka ji ya fita daga tanon ya taka katako, ya ɗaga murya ya ce, "Shef, kaina na juyawa." Daga nan shiru.

Na kira shi har muryata ta dushe. Muka jawo tanon, babu kowa ciki. Na karkato hasken rana ciki da madubi, na hango shi kwance a kan katako, hannu ɗaya yana lilo cikin ruwa. Wasu suka fara zuba ruwa ta gefen bango, wasu suka ɗaure rassan bedi, wato dogon yaro, suna zurawa suna ja don iska ta motsa. Na dubi sauran ukun, kowa ya sunkuyar da kai. Ni ma na ɗora ƙafa ɗaya a bakin tanon, ɗayar ta ƙi tashi daga ƙasa. Tsoro ne, ba wani suna da zan ba shi.

Ashe tayar ɗan kabu-kabun ta yi faci, Baba Iliya bai tafi ba. Kururuwar mata ya ji. Sai ga shi da gudu cikin fararen kaya, ɗan littafin addu'arsa a hannu. Ya ga tiyo, ya ji warin hayaƙi, ya dube ni sau ɗaya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya miƙa mini littafin, ya fizge rawanin wani makiyayi ya tsoma a ruwa ya naɗe hanci da baki.

Na riƙe hannunsa. "Baba, dakata iskar ta sake. Kana da iyali."

"Shi ma yana da su. In na ja igiya sau biyu, ku juya da ƙarhi."

"To ku hito tare."

"Tano ba ta ɗaukar biyu, ka sani." Ya shiga ya tsuguna, sannan ya ɗago kai. "Shef, Yesu da nike bi bai tsaya bisa ba, sauka ya yi. Ku sassauta igiya."

Ban san tsawon lokacin da ya yi a ƙasa ba. Na dai san na zagaya bakin rijiyar nan ya fi a ƙirga. Can igiya ta motsa sau biyu. Muka juya ƙarfen kamar za mu karya shi. Lawali ya fito a naɗe cikin tano, yana numfashi sama-sama. Aka ja shi inuwa, muka mayar da tanon da sauri.

A nan ne na ga tashin hankalin da ban taɓa gani ba. Tano ta isa ƙasa, igiya ba ta motsa ba. Na kira, ba amsa. Rana ta kauce, madubi ba ya nuna komai. In mun ja alhali yana rabin shiga, zai faɗa ruwa. In mun jira, hayaƙi zai gama da shi. Mutanen gari duka suna kallona, maigari yana cewa, "Shef, mi za a yi? Shef, ka yi magana!" Na kama igiyar da tafin hannu na rufe ido ina salati. Sai na ji ta ɗan miƙe, kamar an ɗora mata buhu. Na ce a ja.

Ya fito ƙirjinsa cikin tano, ƙafafu suna reto a waje. Rawanin da ya rufe hanci da shi ya kwance ya ɗaure wuyan hannunsa a jikin mariƙin tanon, don ya san ba zai iya jan igiya ba. Fararen kayan nan sun koma laka.

Da amalanke muka kai su gidan likita, majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya sa aka wuce da su Tasawa. Lawali ya tashi bayan kwana biyu, ya koma gonarsa, yanzu har da jikoki. Baba Iliya sai da ya yi kwana shida bai san inda yake ba. Da ya farka, hannuwansa suna rawa, kuma abin da aka gaya masa da safe ba ya kai shi azahar. Bai sake riƙe diga ba.

Na faɗa wa mai kwangilarmu gaskiya, ya sauke ni daga shef, na yi shekara biyu ina juya ƙarfe. Wannan bai dame ni ba kamar zuwa gaban matarsa, Inna Saratu. Na durƙusa na ce ni na jawo. Hawaye suka zubo mata. Sannan ta ce, "Tashi, ɗana. Ba zan ce maka ban ji zahi ba. Amma ransa ya daɗe da ba da shi ga Ubangiji, ba ranar ya hwara ba. Mun yahe maka."

Shi ya sa a shantiyena injin isansi ba ya shiga rami, igiya biyu ke zama a sake, kuma fitila tana sauka kafin kowane mutum, ko sau goma ne a yini. Na kuma koyi cewa a aikin nan ba a sanin mutum sai ranar da tano ta fito babu kowa ciki. Ni shef ne a ranar, na tsaya a sama.

Duk ƙarshen wata nakan je gaishe shi. Yana zaune a zaure yana rera waƙoƙin majami'arsu, waɗannan ko kalma ɗaya bai manta ba. Sunana kuwa ya ɓace masa. Amma da ya ga fuskata sai ya kama hannuna ya ce, "An hito da Lawali?"

Sai in ce, "An fito da shi, Baba. Yana lafiya."

Sai ya saki ajiyar zuciya ya ce, "To, mun gode ma Yesu." Kafin in gama shan ruwan da aka kawo mini zai sake tambaya, ni kuma in sake ba shi amsa.