Ranar Da Na Daka Taki a Turmi

Cikin ranakun aiki akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da wata kalmar Turanci ta sa ni riƙe taɓarya. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, ina ƙaramin malamin gona a wani ƙauye gabas da Ɗambatta. Aikina raba wa manoma takin zamani daga siton gwamnati.

A daminar nan takin ya iso a makare, ga siton yana yoyo. Buhunan suka sha ruwa suka daskare kamar dutse. Gero ya kai gwiwa yana neman taki, manoma kuwa sun rantse idan Laraba ta yi ba su samu ba, sai sun kai ƙarata a kore ni.

Babban jami'inmu ya zo a babur, ya leƙa sito, ya dubi taron da ke harararmu, ya ce da ni, “Sule, mollify them.” Na ce, “To, ranka ya daɗe.” Allah ya yafe mini, ban san kalmar ba, girman kai ya hana ni tambaya.

Da ya tafi na garzaya wurin Malam Habu, hedimastan firamare. Ya gyara tabarau ya ce, “Asalinta daga Latin take, daga kalmar da ke nufin laushi. Ma'anarta a tausasa abu. Amma yadda ake amfani da ita...” Ban tsaya jin sauran ba. Me ke neman laushi in ba taki ba?

Ranar Laraba na aro turame, na tuɓe riga, na hau daka a ƙofar sito. Manoma suka iso da fushinsu, Baba Ɗanladi a gaba, dattijon da ya fi kowa zafi. Ya tsaya yana kallona, can ya ce, “Malam, amarya ce ta yi yaji?” Dariya ta ɓarke. Wani ya ce, “Ko luguden bai iya ba!” Baba ya karɓe taɓaryar ya ce, “Kawo nan, kada ka fasa wa mutane turmi.” Kafin la'asar taki ya koma gari, kowa ya auni rabonsa.

Jami'in ya dawo ya tarar da mu fari fat. Da na yi masa bayani ya riƙe ciki don dariya. “Sule, mutanen na ce ka lallasa! A yau zuciyar mai fushi ake tausasawa da kalmar nan.” Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, da baki ya lallashe mu, da yanzu yana hanyar gidan ubansa.”

Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ku riƙa tambaya, kada ku yi irin tawa. Amma ku sani, manomi ba ya huce fushi da daɗin baki. Sai ya ga guminka a kan abin da ya dame shi.