Muryar Inna da Na Sayar

Ni mutumin Kangire ne, kuma kafin in lalace ɗan acaɓa ne ni. Boko ban wuce firamare ba. Da damina in noma gero da dawa, da rani in hau babur tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Ba ni da komai, amma babu wanda ya taɓa gyara riƙon jakarsa don ya hango ni.

Mahaifiyata Bafulatana ce, ni ne ɗanta na fari. Ku yaran yanzu ba lallai ku san nauyin wannan ba. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kara take yi. In tuwo ya sauka sai ta ce wa ƙanwata a gaya wa wancan abinci na hucewa. Kowa ya ce min al'ada ce. Na sani, amma abin yana ci na a rai har na yi gemu.

Wata shekara wata jami'a ta ba wata malama tallafi, ta zo daga nesa don ta yi bincike a ƙasarmu. Dakta muke ce mata. Aikinta ta ji yadda mutane iri-iri suke zaman tare, manoma da Fulanin da suka zauna har Hausa ta cinye musu yare. Tana yawo da kwamfuta da 'yar na'urar ɗaukar murya. Ni ta ɗauka in riƙa kai ta ƙauyuka, in nemo mata tsofaffi. Ta ce min tallafin na shekara guda ne, in aikin ya yi kyau za a ƙara mata lokaci.

Duk tsohon da ya yi magana akwai ɗan abin goro da take ba ni in miƙa masa. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ni na fara gutsura. Tsoho bai san abin da aka bayar ba, sai ya yi ta sa min albarka. Daga nan na ga nemo tsofaffin gaskiya wahala ce. A ƙauyen Dingaya na ɗauko wani mai shayi, na naɗa masa rawani na ce arɗo ne. Ya zauna ya yi ta shara ƙarya, muka koma bayan rumfa muka raba.

Da Dakta ta ji cewa Inna har yanzu tana jin Fulatanci, ta nace sai na kai ta. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta ce ba za ta buɗe baki ba sai wancan ya fita. Na zauna a zaure tun bayan azahar har la'asar. Da Dakta ta fito idonta ya yi ja. Ta dube ni ta ce, "Malam, kana da uwa." Ni kuwa hankalina yana kan abin goro.

Ranar kasuwa a Gwaram Dakta ta bar min jakarta za ta shiga wani gida ta yi salla. Na tayar da babur na gudu da jakar. Da na dawo na yaga rigata, na ce 'yan fizge ne suka tare ni. Kwamfutar da na'urar duk na kai wa wani mai gyaran waya, ya goge abin da ke ciki ya sayar. Ba a daɗe ba aka kama wanda ya saya, ya nuna mai gyara, mai gyara ya nuna ni.

Dakta ta same ni a ofishin 'yan sanda. Na zaci zagi za ta yi, da ma zagin ta yi. Ta ce aikinta duka a jakar nan yake, ba ta ajiye shi a wani wuri ba. Sannan ta ce, "Inna ta roƙe ni in ba ka maganarta da na ɗauka ranar da zan bar gari, ba kafin nan ba. Ta kira sunanka a ciki. Ta rera waƙar da take yi maka kana goye, in babu kowa a gida."

Na tambaye ta me waƙar take cewa. Ta ce da Fulatanci aka yi ta, ba ta kai ga sa a fassara mata ba.

Aka yanke min hukunci. Ita kuma ba a ƙara mata tallafin ba, ta koma inda ta fito hannu rabbana. Zaman gidan yari ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, akwai zafi, akwai kuɗin cizo. Abin da ya hana ni sakat shi ne tunanin yadda sunana yake fita daga bakin Inna. Na gwada shi a raina iri-iri, babu wanda ya yi kama da ita. Na ƙudurta in na fito zan durƙusa a gabanta in roƙe ta ta faɗa sau ɗaya, ko da a bayan ɗaki ne.

Ina ciki ƙanwata ta zo da labarin rasuwar Inna. Na tambaya ko ta ambace ni. Ta ce ta ambata, ta ce a gaya wa wancan ta yafe.

Da na fito na bi tsofaffin da na cuta, waɗanda suke raye, na nemi gafara. Wasu sun yafe, wani ya ce in tashi daga ƙofar gidansa, kuma yana da gaskiya. Na tuba ga Allah, na koma gona da babur.

Ku yara, kada ku raina gutsure. Daga abin goron tsoho na fara. In an ba ku amanar jaka, ku riƙe, don ɓarawo bai san abin da yake sata ba sai ya rabu da shi. Ni har yau in ina tafe na ji wata tsohuwa tana ƙwala wa ɗanta kira da sunansa, sai in kashe babur in tsaya har ya amsa.