Abarshi Mahauci da Damtsen Furera

Shekarar da fara ta cinye gonakin Birnin Gwari, Nasara kuma bai fasa karɓar haraji ba, na rame har wandona ya zame a tsakiyar kasuwa, gaban masu daddawa.

Abarshi mahauci kaɗai ne bai yi dariya ba. Tun yana yaro yake fiɗa, ya san jiki rumbu ne: abin da aka ci ya ragu, kitse yake zama. In yunwa ta zo, jiki ya cinye kitsen, sannan ya koma kan tsoka. A shekarar, ko ɓargon shanu ya zama ruwa.

Kullum da safe sai ya matsa damtsen 'yarsa Furera, kamar mai sayen rago. Fata kawai. Ya hana ta daka da zuwa rafi, don kowane motsi ɗiban rumbun ne. Rabonsa na tuwon dusa ita yake tura wa.

Na tarar yana matsa hannun, bakina ya ƙi zama. "Sarkin fawa, nawa aka taya?"

Ya dube ni, ido jawur. "Kai wandonka ya faɗi, ka ɗaga. Wannan in ta faɗi, wa zai ɗaga mini ita?"