Hotunan Jikata

Ko ƙasa ta kusa rufe min ido, ba zan manta da ranar da gwaggon wani yaro ta shigo gidana a Toranke da waya a hannu ba.

Jikata marainiya ce, ni na goya ta. Yarinyar nan kafin in tashi ta ɗebo ruwa, ta surfa gero, ta gasa min ƙafar da ke ciwo. Abu ɗaya ne da ita, son hoto. A gindin rumbu, a gonar gyaɗa, sai ta ɗaga waya ta turo baki ta ɗauki kanta, ta ɗora duniya ta gani. Nakan ce, "Wannan baki kamar mai hura wuta?" Sai ta ce, "Kaka, baƙin ciki kike, naki ba haƙora."

Wani yaro daga Gaya ya nemi aurenta, har an kawo goron sa rana. A zamaninmu, in za a yi bincike, ƙafa ake sawa. A shiga unguwa a tambayi maƙwabta, a tambayi mai kitso, a ga yadda yarinya ke gaida manya. Su kuwa mutanen nan ba wanda ya taka ƙofar kowa. Waya suka buɗe.

Da gwaggon yaron ta zo, ko ruwan da na ba ta ba ta sha ba. Ta ce, "Inna, duba nan. Mai tallar fuskarta haka ba ta zaman gida. Ai labarin zuciya a tambayi fuska."

Na ce, "Wannan fuskar waya ce. Mai ita tana madafa, in kira miki ita?"

Ta ce ba sai an kira ba, sun fasa.

Ni ban taɓa roƙon kowa ba, ranar ma ban roƙa ba. Na raka ta zaure na dawo. Ashe yarinyar ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan turmi tana goge hotunan ɗaya bayan ɗaya, na cikin waya da waɗanda ta ɗora wa duniya, har da wanda ta manna kumatunta da nawa. Daga ranar ba ta sake ɗaga waya sama ba, tsokanar ma ta daina.

Da damina ta faɗi zazzaɓi ya kama ta. Muka kai ta asibiti a Ajingi, ba mu dawo da ita a raye ba. Bayan sadakar bakwai na ce a buɗe min wayar in ga fuskarta. Aka duba, aka sake dubawa. Babu ko ɗaya.

Yanzu idona ya yi rauni, kamanninta sun fara ɓace min. Halinta ne kawai bai dusashe ba. Shi ya sa nake gaya wa duk mai neman aure: waya fuska take ɗauka, ba ta ɗaukar hali. In kana son sanin mutum, tashi ka je ka tambayi wanda yake gasa wa ƙafa.