Ganyen Idon Zakara

Mu 'yan Matameye da rake aka raine mu, shi ya sa muka taso muna ganin zaƙi shi ne ƙarfi. Mai aiki in ya gaji a fadama, gaɓa biyu zai sha ya miƙe. Ban san akwai zaƙin wofi ba sai shekarar da ruwa ya ƙi, soja na mulki, aka rufe iyaka ta Ɗan Barto, mijina yana Kano cin rani.

Rake ya bushe a tsaye, sukari ya ɓace a kasuwa. Abin da ya rage mana jar dawar taimako ce, wadda ake saukewa daga kamiyo, babbar motar kaya, mu yi layi a rana. Warin buhu da maganin ƙwari take yi, ko sau nawa ka wanke ta. 'Yata da na yaye ba da daɗewa ba, da ta ji ƙanshin kunun sai ta datse haƙora. Ban ga laifinta ba, ni ma toshe hanci nake yi.

Gwaggon mijina ce ta kawo dabara. Da sana'arta mazarƙwaila ce, fari ya kashe mata ita. Ta nuna mini idon zakara da ya naɗe darninmu, mai jan ƙwaya da ɗigon baƙi. Ta ce ƙwayar guba ce, in kiyaye ta, amma in tauna ganyen in ji. Na tauna. Wani zaƙi ya taso a hankali, ya maƙale a maƙogwaro, har la'asar ina haɗiyarsa da yawu. Na dafa ganye kaɗan a ruwan kunu, yarinya ta shanye ludayi uku ta yi barci.

Nan na zama gwana. Dawa na raguwa, ina ƙara ruwa ina ƙara ganye, har kunun ya zama kana hango gindin ƙwarya. Ita kuwa ba kuka ba rigima. Maƙwabciyata, mai ɗa namiji sa'an 'yata, ta leƙo tana tambayar sirrin. Da hannuna na tsinko mata, har da yi mata gorin cewa uwa sai da wayo. In na tuna bakina a ranar, ƙyamar kaina nake ji.

Da ƙafafun yarinyar suka kumbura, kumatu suka cika, sai na ce ƙiba ce. Gashinta da ya yi ja ya fara zuba ne ya kai ni dispansar. Likitan, wani siriri mai ƙarancin magana, ya danna mata ƙafa da yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Ya karɓi gorar kunun ya kurɓa, ya furzar ta taga. Ya yi mini bayani cewa zaƙin rake jiki na ƙona shi kamar itace a murhu, shi ya sa yake ba da ƙarfi. Na ganyen kuwa wani sinadari ne dabam, ɗan mitsitsinsa ya fi sukari kama harshe nesa ba kusa ba, amma ba abin da jiki zai ƙona a cikinsa.

"Baiwar Allah," ya ce, "harshenta kika ciyar. Cikinta ruwa yake sha."

Ya ba ni garin madara, ya ce in riƙa daka ƙuli-ƙuli a kunun, in rabu da ganye. Kwana uku tana tsala kuka tana neman na da. Sai da na danne ta a cinya na yi mata ɗura, tana amai ina sakewa. Ta rayu. Yau ita ma da jikokinta.

A ranar da na dawo daga dispansar na shiga gidan maƙwabciyata na gaya mata komai. Ta ce nata lafiya lau yake, ga shi ma ya yi kumatu, kuma ita ba ta son ganin yaro na kuka. Kafin a yi kaka aka binne shi.

Na tumɓuke idon zakaran daga darni, da damina ya sake tsirowa. Har yau shayina ba sukari, jikoki na tsokanata wai rowa ce. Da maƙwabciyar nan tawa ta zage ni, da na samu sauƙi. Amma ranar da na je mata gaisuwa, hannuna ta kama.

"Allah ya saka miki, yaya," ta ce. "Ko ba komai, ya tafi bakinsa da daɗi."