Hamma Buba da Gashin da ke Jin Kira

Ku da kuka san yayana Hamma Buba, kun san bai taɓa wuce mace mai ciki a unguwar Shamaki bai cire hula ba. Kuma ba ita yake gaisarwa ba, cikin yake gaisarwa. "Sannunku da aiki, magina!" Matar ta ja gyale ta ƙara sauri, shi kuwa ko a jikinsa.

A ɗakin gwaje-gwajen asibiti ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ido ɗaya a kan madubin likita. Ni ko ƙofar makaranta ban taka ba, amma ni ya zaɓa ya riƙa yi wa karatu ina tankaɗe. Wai jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kusan kowace da gashi guda tak a tsaye, kamar eriyar rediyo. Wai sa'ad da ake gina ƙwaƙwalwar jariri a ciki, da gashin nan ƙwaya ke jin kira: ke yi nan, ke dakata, ke zama jijiya.

Na ce, "Hamma, gashi da kunne?"

Ya ce, "Ya fi naki ji, Dija."

A shekarun nan na tashin bam, da sojoji suka tare hanyoyi, wata rana ya taso daga garin Kwadon da tsohon madubinsa a akwati. Soja ya ce, "Baba, mene ne a ciki?"

Ya ce, "Buɗe baki in kankaro kumatunka in nuna maka."

Wayyo ni! Motoci suka yi layi, shi yana ta bayani. Da sojan ya gaji ya ce, "Baba, don Allah wuce."

Ya ce, "Ina! Ko kan eriyar ban zo ba!"

To, ana nan ana nan, 'yata Hauwa ta haifi Ummi da yatsa shida, idanunta na rawa. Shekara ta cika ba ta zauna ba. Dangin miji suka ce laifin Hauwa ne, wai ta je kasuwa da ciki ranar da bam ya tashi, ta firgita, ta ɓata musu jika. Sai Hauwa ta tattara ta dawo gidanmu. Aka kira zama a gidan iyayen mijin a Barunde, ni dai kuka kawai nake.

Sai ga Hamma da rediyo a hammata. Ya miƙa wa uwar mijin, ya kunna, ya lanƙwasa eriyar. Sai shuuu.

"Hajiya, ke da kika riƙe, ke kika yi laifi?"

Ta ce, "A'a."

"To, haka likita ya ce game da Ummi. Gashin ne bai ji kira sosai ba, kuma gado ne. Uwa ta kawo rabi, uba ya kawo rabi. In za ku kori Hauwa, ku haɗa mata da ɗanku, Keke Napep ɗaya ta ishe su."

Can sai uban mijin ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Hauwa, ɗora mana ruwan shayi."

Tana ɗakinta har yau.

Kwana tara da binne Hamma, Ummi ta saki bango, tana shekara huɗu. Taku uku ta yi ta faɗa jikin uwarta. Na juya zan ce a kira shi, sai na tuna.

Allah Ya jiƙan Hamma, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya rufa wa 'yata asiri, Allah Ya rufa masa. Amin.